Auta a Bakin Babban Titi

Litinin, da hantsi

Yau Auta ya fito tsakar gida. Ya zauna a kujerar marigayiya uwarsa, ya juya wa ƙofar gida baya. An kusa wata biyu da dawowarsa gidan nan, ƙafarsa ba ta taka waje ba. Mutum ne da ya doshi hamsin, ga furfura a gemu, amma ni Auta nake ce masa, don shi ne na ƙarshe a 'ya'yana. Shekara da shekaru yana tuƙa bas ɗin kamfani a cikin gari. Tun ranar da hatsarin nan ya faru bai sake taɓa sitiyari ba. Masu bincike sun ce ba shi da laifi. Shi dai ya ajiye musu makulli ya taho wurina, ya bar matarsa da yara a can ɗaya ƙarshen gari.

Da babban alƙalami nake rubutun nan, kowane harafi kamar na allon talla. Idon dama ya tafi, na hagu yana shirin bin sa.

Talata, da yamma

Surukata ta bugo waya. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, kun san ya samo aikin gadi?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce wani tsohon sito ne a bayan gari, babu kaya a ciki sai ƙarafa, babu mai zuwa, babu mai fita. "Baba, ni ba raina gadi nake yi ba. Amma na san mijina. In ya shiga siton nan ya rufo ƙofa, to, ba zai ƙara fitowa ba. Kamfani sun haɗa shi da wani ofishi da ke ba mutane shawara kan aiki, ya ƙi zuwa. Ku kaɗai yake jin nauyinku."

Na ce zan yi ƙoƙari. Na kashe waya ina jin kunya, don abin da ya fara zuwa raina shi ne, in ya yi gadin, da rana nan gidan zai riƙa barci.

Laraba, da safe

Ya ce zai je ofishin shawarar, amma da ƙafa, kuma sai in da ni.

Alhamis, bayan la'asar

Mun je. Ta lungu muka bi, muka zagaye babban titi, tafiyar ta ninka. Ya ba ni gwiwar hannunsa na riƙe. Mutumin da bai yi mini magana mai tsawo ba tun zuwansa, sai ga shi yana cewa, "Baba, akwai kwata a gabanka, ɗaga ƙafa. Nan ƙasa za ta ɗan gangara. In ka ji ƙamshin gidan burodi, za mu sha kwana hagu." Haka har muka isa. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Ofishin ƙaramin ɗaki ne, da fanka mai ƙara da tebur da kwamfuta. Mai ba da shawarar mace ce, ba ta kai Auta shekaru ba. Malama muke ce mata. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta jawo mini kujera mai hannu, sannan ta yi wa Auta bayani. Wai gwaji uku ne. Na farko na gano abin da mutum yake sha'awa. Na biyu na abin da ya fi daraja a wurinsa a cikin aiki. Na uku na abin da ya iya. Ta ce, "Babu ɗaya a cikinsu da zai yanke maka hukunci. Bakin magana kawai suke buɗe mana."

Ikon Allah! Ashe an kai zamanin da ake zaunar da mutum a tambaye shi me yake so. Mu a lokacinmu hedimasta ne ya jera mu a gaban aji, ya ɗauki rula yana nunawa: kai malami, kai asibiti, kai akawu. Rula ta tsaya a kaina a kan akawu, na yi akawu a ofishin ruwa har na yi ritaya. Ban taɓa jin an cuce ni ba. Amma yau da na ji tambayar nan a bakin yarinyar nan, sai tsigar jikina ta tashi.

Da muka dawo na ba Tela maƙwabcina labari. Ya tsayar da keken ɗinkinsa ya ce, "Wato Akawu, yanzu 'yan duba sun koma ofis har da fanka?"

Na ce, "Jahili, ilimi ne."

Ya ce, "To ka tambayo mini ko ni ma tuƙin jirgi ya dace da ni, na ɓata rayuwata a kan wandunanka."

Asabar, da hantsi

Na zaunar da Auta na yi masa bita. Ni na san jarrabawa, na ci ta da yawa. Na ba shi lissafin ka, na sa ya karanta mini jarida da ƙarfi. Na kuma ja masa kunne: duk inda aka tambaye shi ko yana son wani aiki, ya ce yana so. Mai neman aiki ba ya cewa ba ya so, sai a ɗauke shi rago. Ya ce, "To, Baba."

Litinin, da yamma

Na sha kunya yau.

Auta ya gama gwajin farko a kwamfuta, Malama ta duba sakamako, ta sake dubawa. Sai ta ce, "Baba, wannan ɗan naku abin mamaki ne. Yana son kiwon zuma, yana son fiɗa a asibiti, yana son lissafin banki, yana son rawa a gaban jama'a, yana son gyaran gawa. Babu abin da ba ya so a duniya. Wa ya taya shi shiri?"

Na ce, "Ni ne, 'yata. Bai ci ba ne?"

Sai na ji wani sauti a gefena. Auta ne yake dariya. Gajeriya ce, kamar tari, amma dariya ce. Da na san haka za a yi, da na ƙara masa da wasan dambe.

Malama ta ce wannan ba jarrabawar ci ko faɗuwa ba ce, wai "ba na so" ma amsa ce mai amfani, wani lokacin ta fi "ina so". Ta roƙe ni cikin ladabi in koma benci a waje. Na koma. Na zauna ina juya maganar a raina: tambayar da ba ta da amsar daidai sai wadda ke cikin cikin mutum. Yaya aka yi wani ya zauna ya tsara irin wannan?

Talata, da azahar

In lokacin tashin 'yan makaranta ya yi, yakan shige ɗaki ya rufe taga. Yau ma ya yi. Ina jin muryoyinsu suna wucewa, ina jin shirunsa.

Laraba, da yamma

Wata mota ta ja birki da ƙarfi a bakin layi. Ba abin da ya faru, akuya ce. Kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa. Bai ci abinci ba.

Alhamis, bayan la'asar

Yau Auta da kansa ya ce a bar ni in zauna.

Malama ta fara da sakamakon gwajin da ya sake. Ta ce abin da ya fito fili shi ne yana son aiki da mutane, yana son nuna wa mutum abu har ya gane, kuma yana son aikin da ba a zaune ake yinsa ba. Auta ya ce, "A'a, an yi kuskure." Ta ce, "Mai yiwuwa. Amma kai ka danna."

Daga nan ta fito da katuna, kowanne da magana ɗaya a kansa. Tana karantawa da ƙarfi saboda ni. Albashi mai kauri. Girma a idon jama'a. Lokacin zama da iyali. Aiki ba tare da kowa ba. Amfanar mutane. Suna da yawa. Ta ce ya kasa su uku: waɗanda ba zai iya aiki babu su ba, waɗanda yake so in an samu, da waɗanda ba su dame shi ba.

Girma ya wurgar nan take. Albashi ya sa a tsakiya. Aiki ba tare da kowa ba ya ɗora a sama. Amfanar mutane ma ya ɗora a sama. Malama ta ce, "Waɗannan biyun da wuya su zauna a ɗaki ɗaya."

Sai ta miƙa masa wani ta karanta: "A amince da ni."

Ya riƙe shi ya daɗe. Can sai ya kife shi a gefen tebur, bai sa shi a ko ɗaya daga cikin kashin ba. Ya ce, "Wannan ba nawa ba ne yanzu."

Malama ta ce, a hankali, "Ban tambaye ka ko naka ne ba. Na tambaye ka ko kana so."

Ba zan rubuta abin da ya biyo baya ba. Ta kashe fanka, ta ba shi ruwa, ta bar shi har ya gama. Da ya gama ya ɗauki katin ya ɗora shi a saman duka.

Ni na haifi mutumin nan. Ni na koya masa tafiya. Amma ɗan guntun kwali ya shiga inda na kasa shiga wata biyu. Tsarki ya tabbata ga wanda ya halicci zuciya ya ɓoye ta a ƙirji.

Juma'a, da hantsi

Ya share tsakar gida.

Lahadi, da yamma

Mai siton ya aiko, wai yana son amsa cikin makon nan, akwai masu jira. Auta ya ce a gaya masa yana zuwa.

Tela ya leƙo ya ce, "Akawu, na ga ka rame. Kai ma 'yar dubar ta kama ka ne?" Na ce masa tsufa ne. Ya ce tsufana ya girme shi, bai taɓa sa ni rama ba. Ya zauna kusa da ni. Shi kaɗai ya san yadda gidan nan yake kafin Auta ya dawo, lokacin da sai in yini ban buɗe baki ba sai don salla.

Litinin, bayan la'asar

Gwajin iyawa. A lissafi da rubutu ya yi tsaka-tsaki, duk da bitar da na yi masa. Sai ta ba shi 'yan katakai ya haɗa su yadda aka zana, ya haɗa kafin ta gyara zama. Ta karanta masa kwatancen wata hanya mai kwana-kwana sau ɗaya tak, ta ce ya maimaita. Ya maimaita, ya kuma faɗo ta daga ƙarshe zuwa farko ba tare da an sa shi ba. Ta rufe idonta ta ce ya kwatanta mata yadda za ta fita daga ɗakin zuwa bakin ƙofar gini. Ya kai ta da baki kawai, ko kujera ba ta taɓa ba.

Ta dawo ta zauna tana haki kamar wadda ta yi gudu. Ta juyo ta ce, "Baba, takarda ta faɗi nata. Ku fa? Me yake yi da kyau ba tare da an roƙe shi ba?"

Na ba ta labarin tafiyarmu ta lungu, da kwata, da gidan burodi. Na ce duk 'ya'yana sun taɓa ja na a hanya, ja suke yi kamar buhu. Shi ba ya ja. Gaya mini duniya yake yi, ni in taka da kaina.

Ta jera masa ayyuka uku da suka dace da abin da ya fito: tsara hanyoyin motocin kai kaya daga ofis, koyar da dokokin hanya a aji, ko kuma aiki a cibiyar makafi, inda ake koya wa waɗanda suka rasa ido yadda za su yi yawo a gari da sanda su kaɗai. Ta ce na ukun yana buƙatar horo, kuma su ma sai sun gwada shi. Ta ce gadi ma aiki ne na mutunci, in ya zaɓe shi ba za ta hana ba, sai dai gaskiya babu inda ya haɗu da abin da ya faɗa da bakinsa, in ban da kati ɗaya.

Ya ce, "A cibiyar nan, ana tsallaka titi da su?"

Ta ce, "Ana tsallakawa."

Ya miƙe ya ce, "Ba zan sake ɗaukar ran kowa in kai titi ba. Baba, tashi mu tafi."

A hanya bai gaya mini kwata ba. Na faɗa da ƙafa ɗaya.

Talata, da safe

Ya wanke mini ƙafar, ya ɗaure. Ya ce jibi zai je wurin mai sito.

Laraba, da azahar

Na yini ina faɗa da raina. In na yi shiru, ɗana zai zauna tare da ni har in mutu. Zan riƙa jin tarinsa a ɗakin gefe. Wa zai zarge ni?

Amma ina wurin lokacin da ya ɗora katin nan a sama. Na ji da kunnena.

Na kira shi na ce, "Auta, idon nan ya kusa rufewa, ba wasa nake yi ba. Ina so in ji yadda ake koyon sandar nan tun ina ganin inuwa. Na yi wa Malama waya, ta ce gobe malamin cibiyar zai same mu a bakin babban titi, ta wannan ɓangaren. Ba za mu tsallaka ba. Ka raka ni, daga nan ka wuce sitonka."

Ya ce, "Baba, na san abin da kake yi."

Na ce, "Ni ma na san ka sani. Za ka raka ni ko in nemi Tela? Ka san shi da surutu, sai ya jefa ni a rijiya."

Alhamis, da yamma

Dole in rubuta wannan tun yana sabo.

Akwai benci a gaban wani kantin magani, nan Malama ta zaunar da ni. Ƙarar titin kamar kogi ya kawo ruwa. Auta ya tsaya a bayana, ya manne da bango. Malamin cibiyar ya iso shi kaɗai, yana ƙwanƙwasa sanda. Ashe shi ma makaho ne, dattijo mai babbar murya. Ya gaishe ni, ya damƙa mini sanda, ya nuna mini yadda ake kaɗa ta dama da hagu, ya ce na riƙe ta kamar zan kashe maciji. Sai ya ce, "Ina direban? Na ji numfashinsa, kamar wanda ake bi bashi."

Auta ya ce, "Ga ni, Malam."

"Matso. An ba ni labarinka, ba sai ka maimaita ba. Rufe ido ka gaya mini me kake ji."

Na ɗauka zai gudu. Sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa: "Babbar mota ce ke tahowa da kaya, tana canza giya. Bayanta ƙananan motoci biyu. Ga babur yana neman kutsawa ta gefe." Ya ɗan tsaya. "Waccan bas ce. Birkinta ya cinye, ko danja ta tsayar da ita sai ta zarce layi."

Muka ji ƙiiii, bas ta zarce.

Malamin ya ce, "Kai! Ni da na shekara talatin ina sauraron titin nan ban san birki yana da murya kafin a taka shi ba. To, ni dai aji na jira na a can hayi. Zan iya tsallakawa ni kaɗai, kullum ina yi. Amma yau gwiwata na ciwo, kuma ina son in ji sauran labarin birkin nan. Ba ni hannunka."

Auta ya ce, "Malam, ba ka san ni ba."

Ya ce, "Ban san kowa ba, ɗana, duk wanda na taɓa riƙewa a titi ban ga fuskarsa ba. Ba ni hannun."

Ba na ganin fuska, inuwa kawai nake gani. Na ga doguwar inuwar ɗana ta rabu da bango. Na ga gajeriyar ta kama gwiwar hannunta. Suka tsaya a bakin kwalta, suka daɗe, danja ta ba da hannu ta hana, ta sake bayarwa. Na riƙe hannun Malama ban sani ba, har ta ce, "Baba, yatsuna." Sai na ji Auta, da muryar da na sani tun kafin abin ya faru: "Yanzu, Malam. Sauka, akwai ɗan tudu." Inuwa biyu suka shiga cikin hasken titi suka narke mini.

Na ce, "'Yata, gaya mini."

Ta ce, "Sun kai tsakiya. Ya tsayar da shi, yana jiran babur. Sun ci gaba. Baba, sun hau. Sun hau!"

Na ce, "Yana dawowa?"

Ta yi dariya. "Ko waiwaye bai yi ba. Suna tafiya suna magana, yana ta nuni da hannu, ya manta mutumin ba ya gani."

Muka jira, muka jira. A ƙarshe ita ta kawo ni gida. Sai gab da magariba ya faɗo gida a guje, gumi sharkaf, yana cewa, "Baba! Na manta da kai a benci!"

Na ce, "Na lura."

Asabar, da hantsi

Ya aika wa mai sito haƙuri. Horon zai fara sati mai zuwa, kuma cibiyar ta fi kusa da gidansa. Ya haɗa jakarsa. Ya ce in bi shi, na ce sai na fara ƙwarewa da sandata, kada in je in fasa wa surukata kwanuka. Ya ce zai riƙa zuwa yana yi mini darasi. Ya durƙusa, na dafa kansa. Ban iya cewa komai ba sai Allah ya yi albarka.

Gidan ya yi faɗi.

Lahadi, da yamma

Surukata ta bugo. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Baba, me kuka yi masa? Tun da ya shigo bai yi shiru ba. Yanzu haka ya kwashe ɗankwalayena ya ɗaure wa yara ido, yana zagaya falo da su. Sun kifar mini da tebur."

Ina jiyo su ta bayanta. Ƙaramar tana ihu, "Abba, ina ƙofa? Ina ƙofa?" Shi kuma yana cewa, "Saurara, za ki ji iska na shigowa ta nan."

Ta ce, "Bari in kira shi ku gaisa."

Na ce, "A'a, ƙyale shi. Ajiye wayar a kan kujera kawai, kada ki kashe."

Ta ajiye. Na kwanta a tabarma na ɗora tawa a kunne, ina ji, har batirin ya mutu.